GYARA KAYANKA: JAWABI KAN YADDA ZA A ƘARA WA TSOHUWAR KWAMFUTA SAURI

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya a nan Tungan Maje. An buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, domin amfanin 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.



 

Kada wani ya ce yaushe kuma ɗan kasuwa ya zama injiniya. Mu dai Islamiyya muka yi, daga nan sai kasuwa. Kasuwar ce ta haɗa mu da kwamfuta, don yau lissafin kaya da rasit da takardar oda duk a cikinta ake yi. Abin da za ku ji daga gare mu abu ne da muka gwada da hannunmu, muka kuma tambayi masu sani, tun da an ce matambayi ba ya ɓata.

Idan aka zaga garin nan, za a ga kwamfuta ta shiga wurare da yawa. Tana shagunan bizines senta da ke bakin titi, inda ake buga takardu da katin biki. Tana makarantunmu, da ita ake buga jarrabawa da sakamakon yara. Tana hannun 'ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Abuja. Tun shekarar 2015 kuwa jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka duk mai ɗa ko 'ya da ke neman jami'a yana son a samu wata a gida wadda yaro zai saba da ita. Yawancin waɗannan kwamfutoci na gwanjo ne, irin su HP da Dell da Lenovo, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Ingila da Amurka, suka biyo ta Ikeja, suka iso Banex a Wuse ko kasuwannin Kano, muka saya. Wasu sun haura shekara goma da ƙerawa. Kukan da ake yi da su kuma ɗaya ne: nauyi. Ka kunna ta, ka je wurin mai shayi a haɗa maka, ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Mai shago yana jira, mai takarda yana tsaye a kansa, har ya gaji ya tsallaka shagon maƙwabci.

Abin da muka saba yi idan haka ta faru biyu ne. Ko a kai ta wurin mai gyara ya ce sai an yi fomat, wato a share duk abin da ke ciki a zuba sabo, ko kuma a ce ta tsufa a fara neman kuɗin wata. To fomat ya sha tafiya da littafin bashin mutane, da aikin ɗalibi na shekarar ƙarshe, da hotunan iyali. Sayen wata kuwa, kowa ya san tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, har Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, duk kayan da ke shigowa daga waje sun yi tashin gwauron zabo. Saboda haka abin da muka zo mu faɗa yau shi ne: galibin kwamfutocin nan kaya ne ya yi musu yawa. A sauke musu kayan, su tashi. Saukewar kuma ba ta cin ko kwabo, ana yin ta a cikin saitin kwamfutar.

KWAMFUTA KAMAR SHAGO CE

Kafin mu shiga saiti, bari mu kwatanta da abin da muka sani. Ku ɗauki kwamfuta kamar shago. A ciki akwai yaron shago mai kai-da-kawo, shi ne ake kira furosesa. Akwai tebur inda ake baje kayan da ake ciniki a kai yanzu, shi ne ram. Akwai kuma sito a baya inda ake jibge kaya, shi ne faifan ajiya. Duk abin da ka buɗe, sai yaro ya shiga sito ya ɗauko ya ɗora a tebur. Idan teburin ƙarami ne kuma an cika shi da tarkace, to duk mai saye da ya zo sai yaro ya kwashe wani abu ya mai da sito, sannan ya ɗauko wani. Wannan zirga-zirgar ita ce nauyin da kuke gani. Yawancin na gwanjon nan teburinsu gigabait 4 ne, kuma Windows 10 ita kaɗai tana cinye kusan rabinsa tun kafin ka buɗe komai.

Akwai wurin da za ka ga wannan da idonka, gani kuwa ya kori ji. Danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare. Wani allo zai fito mai suna Task Manager. Idan ya fito ƙarami, latsa More details a ƙasa. Za ka ga layuka, CPU shi ne yaron, Memory shi ne teburin, Disk shi ne siton, kowanne da kashi nawa cikin ɗari yake aiki. Wanda ya tsaya a 90 ko 100 ba ya sauka, nan ciwon yake. Latsa kan sunansa, kwamfuta za ta jero maka manhajojin da suka fi cinye shi daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya iya duba wannan allo kaɗai, ba mai gyaran da zai faɗa masa abin da ya ga dama.

Amma fa kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman fayiloli a filash ko a wani faifai na daban. Littafin bashi, takardun fili da aka ɗauka a hoto, aikin makaranta, duk a fitar da su. Sannan a wurin nema da ke ƙasan allo a rubuta restore, a zaɓi Create a restore point, a latsa Create. Wannan kamar ka yi alama ne a hanya, idan ka ɓata ka dawo wurin. Rigakafi ya fi magani.

NA FARKO: 'YAN RAKIYA

Babban abin da ke sa kwamfuta jinkirin buɗewa shi ne manhajojin da ke tashi tare da ita ba tare da an kira su ba. Kusan kowace manhaja da aka zuba tana so ta riƙa tashi da asuba ta kama wuri a tebur. Kai ka zo buga wasiƙa guda, amma manhaja goma sha biyar sun riga ka shiga shago.

A cikin Task Manager ɗin nan akwai wuri da aka rubuta Startup. Shiga, za ka ga jerinsu, a gefe kuma an nuna wanda nauyinsa High ne. Duk wadda ba ka buƙatarta da zarar ka kunna, irin su Teams da Spotify da Adobe da manhajar sauke finafinai, latsa ta ka danna Disable. Kada ka ji tsoro, ba goge ta ka yi ba, hana ta tashi da kanta ka yi, duk ranar da kake so ka buɗe ta da hannunka. Abin da za ka ƙyale shi ne Windows Security, da na sauti, da na linzami, da na firinta. Wanda ba ka gane ba, bar shi sai ka tambaya. Masu Windows 7 su danna maɓalli mai hoton taga tare da R, su rubuta msconfig, Startup ɗinsu yana nan. Wannan mataki shi kaɗai, a kwamfutoci da yawa, za ka ji bambancinsa tun kunnawa ta gaba.

NA BIYU: KWALLIYA

Windows tana son ado. Taga ta buɗe tana lilo, inuwa a ƙarƙashin kowane abu, launi yana shiga cikin launi. Ga sabuwar kwamfuta wannan ba komai ba ne, amma ga tsohuwa kamar a ɗaura wa jakin da ke hawan tudu sirdin sallah ne. Danna maɓallin taga da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, a ƙarƙashin Performance latsa Settings, ka zaɓi Adjust for best performance. Duk adon zai sauka. Sai dai ka mai da alama a kan guda ɗaya, wanda aka rubuta Smooth edges of screen fonts, in ba haka ba rubutu zai yi kaushi, masu raunin ido irinmu su sha wahala. Masu aikin hotuna su bar wanda ke nuna ƙananan hotuna a cikin folda. Sannan a latsa Apply.

NA UKU: KAYAN DA BA A SAYE

Ɗan kasuwa ya san kayan da suka kwana biyu ba a saye, wuri kawai suke ci. Masu sayar da gwanjo suna zuba manhajoji barkatai don a ga kwamfuta a cike, yara kuma su zo su ƙara wasanni. Danna taga da R, rubuta appwiz.cpl, jerin duk abin da aka zuba zai fito. Wadda ka sani kuma ka tabbata ba ka amfani da ita, latsa Uninstall. Wadda ke ɗauke da sunan Microsoft ko Intel ko Realtek ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ƙyale ta.

A nan akwai abu biyu da muke so a kama. Na ɗaya, maigadi. Za ka tarar da kwamfuta an zuba mata manhajar tsaro biyu ko uku, wata ma wa'adinta ya ƙare tun tuni, sai talla take yi maka. Masu gadi biyu a ƙofa guda, kowanne sai ya caje kayan da ɗan'uwansa ya caje, mai shiga ya kwana a layi. Windows 10 da 11 sun zo da maigadinsu, wato Windows Security, kyauta, kuma idan ka cire sauran shi zai karɓi aiki da kansa. Na biyu, manhajojin nan da ke fitowa a intanet suna cewa kwamfutarka na da matsala dubu, ka latsa nan a ƙara mata gudu. Ku guje su kamar yadda kuke guje wa mai maganin tasha da ke cewa ƙulli ɗaya yana warkar da cuta arba'in. Da yawansu su ne ma ke kawo nauyin.

NA HUƊU: SHARAR SITO

Idan sito ya cika har bakin ƙofa, yaro ba ya samun wurin juyawa. Buɗe This PC ka dubi faifan C. Idan layinsa ya koma ja, ya cika. A bar masa fili, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Rubuta cleanmgr a wurin nema, ka latsa Clean up system files, zai nuna maka tarkacen da Windows ta tara, wani lokaci gigabait masu yawa. Amma a duba jerin da kyau kafin a amince. A wasu Windows ɗin akwai Downloads a ciki, kuma mutanenmu da yawa a nan suke ajiye takardunsu, saboda haka kada a sa masa alama. Kwandon shara ma a leƙa shi tukuna. Finafinai da wa'azozi da bidiyon biki kuwa, su ne manyan buhuna, a mai da su wani faifai na waje.

Daga nan a rubuta defrag a wurin nema a buɗe. Zai faɗa maka irin faifanka. Idan ya ce Hard disk drive, wato mai juyawa, latsa Optimize ya jera kayan wuri guda, ka ba shi lokaci, kuma ka tabbata akwai wuta ko caji. Idan ya ce Solid state drive, wannan ba ya buƙatar jeri, Windows tana kula da shi da kanta.

NA BIYAR: WUTA DA ZAFI

Wannan ya shafe mu ƙwarai, saboda yadda wuta take a wurinmu. Da yawa daga cikinmu mun sa kwamfuta a tsarin tsimin batir don ta daɗe idan an ɗauke wuta. To tsimin nan ta hanyar rage wa yaron shago gudu ake yin sa. Danna taga da R, rubuta powercfg.cpl. Idan ka ga an zaɓi Power saver, mai da shi Balanced. Wannan ya ishe mu. High performance yana ƙara kuzari kaɗan, amma yana shan batir yana ƙara zafi, sai ga kwamfutar tebur da ke kan janareto ko sola.

Caja ma tana da hannu a ciki. Kwamfutocin Dell musamman, idan aka sa musu cajar da ba su gane ba, sukan rage gudu da kansu, wani lokaci su ƙi cajin batir, kuma sukan rubuta gargaɗi a kan baƙin allo lokacin kunnawa. Mutum ya yi ta zagin kwamfuta alhali cajar arha ce ta ɗaure mata ƙafa. Araha dai ba ta ado.

Sai zafi. Kowa ya san zafin wannan yanki namu na Gwagwalada a watan Maris, ga ƙurar hunturu, ga ƙurar manyan motoci da ke bin hanyar Zuba zuwa Lakwaja dare da rana. Furosesa idan ya yi zafi yakan rage gudu don kada ya ƙone. Idan ka ji fanka tana kuka kamar injin niƙa, gindin kwamfutar ya yi zafi, to ƙura ce ta toshe mata numfashi. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma ko cinya mai babbar riga, a sa ta a kan katako, a ɗan ɗaga bayanta. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a kai a buɗe a busa ƙurar, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa.

NA SHIDA: DATA DA BURAUZA

Yawancinmu da wayar hannu muke ba kwamfuta intanet. Da ka haɗa, Windows ta ɗauka ruwa ya zo, ta fara sauke sabuntawa a ɓoye. Kwamfuta ta yi nauyi, data ta ƙare, ba ka yi aikin komai ba. Shiga Settings, Network and Internet, Wi-Fi, ka latsa sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Ka gaya mata ke nan cewa wannan ruwan na saye ne, a yi tsimi. Amma kada a hana ta sabuntawa gaba ɗaya, domin a ciki ake toshe ƙofofin ɓarayi. A ware rana guda a wata, a kashe wancan saiti, a bar ta ta sha ta ƙoshi. Masu Windows 10 su kuma shiga Privacy, Background apps, su kashe waɗanda ke aiki a bayan fage.

Burauza kuwa, irin su Chrome, kowane shafi da ka buɗe yana kama nasa wuri a tebur. Samarinmu sai su buɗe shafi ashirin a kwamfuta mai gigabait 4, su ce ta lalace. Shafi uku ko huɗu ya isa. A cikin saitin Chrome akwai Performance, a kunna Memory Saver, zai kwantar da shafin da ba a amfani da shi. A duba Extensions a cire waɗanda ba a san wanda ya sa su ba. Kuma duk shafin da ya tambaye ka ko ya riƙa aiko maka sanarwa, ce masa a'a.

NA BAKWAI: KASHEWA DA SAKE KUNNAWA

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, idan ka latsa Shut down, kwamfuta ba ta sauke komai da komai. Tana naɗe wani sashe ta ajiye don ta yi saurin tashi gobe, har da gajiyar jiya. Restart shi ne yake share tebur tas a fara sabo. Mai rufe murfi kawai ya tafi kuwa, tasa ta yi wata ba ta huta ba. Saboda haka a riƙa yin Restart ko sau biyu a mako. A cikin Task Manager, ƙarƙashin Performance, akwai Up time, zai nuna maka kwana nawa ta yi ba a sauke mata ba.

CUTAR FILASH

Masu bizines senta, wannan taku ce. Filash ɗin da ya shiga kwamfuta goma a Gwagwalada ya zo ya shiga taka, da abin da ya kwaso. Alamar da aka fi sani ita ce ka buɗe filash ka ga foldodinka sun koma masu ɗan kibiya a gindi. Kada ka latsa su, latsawar ce ke sakin cutar. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi, wanda ya sani zai fito da su ba tare da fomat ba. A wurin nema rubuta AutoPlay ka kashe shi. Duk filash ɗin baƙo, latsa shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Scan kafin ka buɗe. Idan kuma ka yi duk gyaran da muka lissafa amma CPU yana 100 alhali ba ka buɗe komai ba, shiga Windows Security ka yi Full scan, ka bar ta ta kwana tana yi.

Akwai wuraren da muke roƙon kada a shiga: wanda ake kira Registry, da saitin BIOS, da kashe abubuwan da ke cikin Services don an gani a bidiyo. Ribar kaɗan ce, asarar kuwa tana iya zama kwamfutar ta ƙi tashi.

INDA SAITI YA TSAYA

Gaskiya ɗaya ce, saiti yana da iyaka. Sauke kaya yana sa mota ta hau tudu, amma ba ya canza mata inji. Idan ka yi duk wannan, Disk yana nan a 100, to faifan ne. Tsohon faifai na laftof yana juyawa sau 5,400 a minti, yana karanta abin da bai wuce megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa ba. Faifan SSD ba ya juyawa, yana kai wa wajen 500, kuma wurin nemo ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa. Duk wanda zai kashe kuɗi a kan tsohuwar kwamfuta, nan ya kamata ya fara, mai gigabait 256 ya ishi aikin shago. Idan kuma Memory ne kullum a cike, a ƙara ram ya kai gigabait 8. Kafin a saya a shiga Settings, System, About. Idan an rubuta 32-bit, wannan Windows ɗin ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4, sai an canza ta zuwa 64-bit. Ram kuma iri-iri ne, DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, a tafi da kwamfutar a gwada a gabanka. Biyun nan a haɗe ba su kai kuɗin wata kwamfutar ba.

Idan za a kai wurin mai gyara, a yi irin ta 'yan kasuwa. Ka rubuta girman ram da na faifai kafin ka miƙa, ka duba bayan ka karɓa. A yi ciniki tun farko. Ka faɗa da bakinka cewa ba a yin fomat sai da izininka. Idan an sa sabon faifai, karɓi tsohon ka tafi da shi gida, domin asirinka duk yana ciki. Masu gyara na kirki suna da yawa, har cikin 'ya'yanmu, kuma na kirki ba ya jin haushin wannan.

MAGANAR TSARO

Saura magana guda mai nauyi, wadda ta shafi kuɗi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, Chrome ma ya daina sabunta kansa a kanta tun farkon 2023. Windows 10, wadda ta fito a 2015, ita ma an daina ba ta sabuntawar tsaro ta kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai wani ƙarin wa'adi mai iyaka ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki, amma kamar shago ne da aka daina canza wa kwaɗo alhali ɓarayi suna ta yanka sababbin makullai. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana neman furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda aka fara fitarwa a 2017, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Yawancin na gwanjon da ke hannunmu ba su kai nan ba. Akwai masu tura ta da ƙarfi, amma kamfanin bai yi alkawarin kula da irin wannan ba.

To mene ne abin yi? Kwamfutar da ta cancanci Windows 11, a ɗaga ta, kyauta ne ga mai Windows 10 ta asali. Wadda ba ta cancanta ba, ta ci gaba da buga takardu da lissafin shago da koyon yara, amma harkar banki da lambobin sirri a raba ta da su. Mai Windows 7 ma gara ya raba ta da intanet ɗungurungum. Akwai kuma wata hanya, a zuba mata Linux Mint, kyauta ce, ana sabunta ta, ba ta da nauyi, tana buga takarda tana shiga intanet. Sai dai CorelDraw da masu katin biki ke aiki da shi ba ya tafiya a kanta, wasu firintocin ma sai an sha fama, don haka a tambaya kafin a sauya. Wanda kuma zai sayi gwanjo nan gaba, ya tambayi zubi na nawa ne, kada sunan Core i5 ko i7 kaɗai ya ruɗe shi, don akwai i7 da aka ƙera tun 2011.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Ranka ya daɗe, shugabanni, muna da roƙo uku. Na ɗaya, a ware rana guda a wata, samarinmu da suka karanci wannan fanni su zauna a ofishin ƙungiya, duk mai kwamfuta ya kawo a bi waɗannan matakai a gabansa, ya koya, a ba yaran ɗan abin sabulu. Na biyu, duk wanda ya sayi wata kwamfutar kada ya jefa tsohuwar a ƙarƙashin gado. A kawo, a share ta, a ajiye wa yaran da iyayensu ba su da hali su riƙa koyon linzami da kibod watanni kafin jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro ya san amsa amma hannunsa yana rawa a kan linzami, lokaci ya ƙare masa, wannan asara ce da za mu iya tarewa. 'Yan matanmu kuma a ba su nasu lokaci, kada a bar su a baya. Na uku, 'yan'uwa 'yan kasuwa, duk ranar Juma'a kafin a rufe shago a kwafe littafin bashi a filash, a ajiye shi a gida, ba a cikin jakar kwamfutar ba. Haƙƙin mutane ne a ciki, namu da na waɗanda suke bin mu.

Mun baro garuruwanmu mun zo nan neman halali, kuma kowa ya san yadda kwabo yake shigowa. Abin da ke hannunmu, mu san yadda za mu riƙe shi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Wanda bai kama wani mataki ba ya same mu bayan an tashi, ko ya sa ɗansa ya karanta masa idan mujalla ta fito, su bi ɗaya bayan ɗaya, kada a yi gaggawa.

 Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.